Amsa ga kurtun da ya tambaye ni labarin libarba

Ɗana, assalamu alaikum. Ina gajiya, ya fama da fareti?

Ranar Asabar da aka gayyace ni gidan rediyo muka yi hira kan tsaro, kai ne ka bugo waya ana dab da rufe shiri. Ka ce kai kurtu ne, sannan ka tambaya: "Baba, bindigar nan mai ganga tana juyawa, wadda muke gani a tsofaffin finafinan Amurka, har yanzu akwai rundunar 'yan sandan da ke raba wa mutanenta ita, ko ta zama kayan tarihi?" Mai gabatarwa yana ta nuna min agogo, sai na ce maka a Amurka ta kusa ƙarewa, a wasu ƙasashe tana nan, aka yanke mu. Abin ya tsaya min a rai. Gaskiya na faɗa maka, amma guntuwa ce, kuma yaron da za a damƙa wa makami nan da 'yan watanni bai kamata a sallame shi da guntuwar amsa ba. Tun da a bainar jama'a ka yi tambayar, a bainar jama'a zan ƙarasa maka.

Sunanta libarba. Tsofaffinmu duk ƙaramar bindiga libarba suke ce mata, amma a wurin masu aikin iri biyu ne. Libarba ita ce mai 'yar ganga a tsakiya, da ramuka shida ko biyar, kowane rami da harsashinsa. Duk jan kunama gangar ta juya ta kawo na gaba. Fistol kuwa harsasanta a jere suke cikin magazin da ake turawa ta ƙasan mariƙi, kuma ƙarfin harbin ne ke fitar da kwanso ya ɗora sabo.

A Amurka, inda ka gan ta a fim, libarba ta yi sarauta kusan shekara ɗari. A 1896, lokacin Theodore Roosevelt yana shugabantar hukumar 'yan sandan New York, kafin ya zama shugaban ƙasa, ya sa aka daidaita wa rundunar libarba ƙirar Colt iri ɗaya, don kafin nan kowa abin da ya samu yake ratayawa. Daga baya Smith & Wesson mai cin harsashin .38, wadda aka fara ƙerawa a 1899 kuma aka raɗa mata Model 10, ta zama abokiyar ɗan sandan Amurka kamar yadda kulki ya zama abokin ɗan doka a ƙasarmu. 'Yan sandan jihar Illinois sun koma fistol tun 1967, amma sun daɗe su kaɗai, saura na kallonsu. Hujjar masu libarba mai ƙarfi ce: ba ta cika cijewa ba, ba ta da makullin da za ka manta a cikin firgici, kuma in harsashi ɗaya ya ƙi tashi, sake jan kunama kawai za ka yi, na gaba ya zo.

Matsalarta ɗaya ce, kuma sai wanda ya riƙe ta ya san girmanta. Na yi shekaru ina koyar da harbi, kuma akwai abin da nake sa yarana su yi. Sai in sa mutum ya yi gudu ya zagaya fili sau biyu, ya dawo yana haki, in miƙa masa libarba da ya harbe ta kaf, in ce sake ɗurawa. Sai ya danna maɓalli ganga ta faɗo gefe, ya ɗaga bakin bindigar sama, ya buga 'yar sandar ƙarfen da ke tura kwansuna, su zubo a ƙasa, wani lokacin ɗaya ya maƙale. Sannan ya lalubi aljihu, ya ɗauko harsashi ɗaya da yatsu biyu masu gumi, ya nemi rami. Hannun yana rawa, harsashin ya suɓuce cikin yashi. Ya ɗauko na biyu. Duk wannan lokacin idonsa yana kan bindiga, bai ga abin da ke gabansa. A filin koyo dariya abokansa suke yi. A kan titi kuwa, a cikin waɗannan daƙiƙoƙi ne aka yi asarar rayuka.

A watan Afrilu na 1970, a Newhall ta jihar California, wasu mutum biyu suka kashe 'yan sandan sintirin babbar hanya huɗu cikin abin da bai kai minti biyar ba. Ɗaya daga cikinsu, James Pence, yana durƙushe yana ɗura libarbarsa ɗaya bayan ɗaya aka zagayo aka harbe shi. Dukansu huɗun matasa ne, babu wanda ya cika shekara biyu a aiki. A 1986 irin wannan ya sake faruwa a New York, inda aka kashe wani matashin ɗan sanda, Scott Gadell, yana ƙoƙarin ɗura tasa, shi kuwa wanda yake bi fistol ce a hannunsa. Bayan irin waɗannan ne aka yawaita amfani da wani ɗan abu mai kama da murfi da ke riƙe harsasai shida, a zuba su lokaci guda. Ya rage wahalar, bai kawar da ita ba.

Wanda ya girgiza su duka shi ne artabun Miami, ranar 11 ga Afrilu 1986. Jami'an FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, su takwas suka tare 'yan fashin banki biyu, William Matix da Michael Platt, kuma Platt babbar bindiga ce a hannunsa. Aka kashe jami'ai biyu, Jerry Dove da Benjamin Grogan, biyar suka ji rauni. Wani jami'in, an harbe shi a hannu, jini ya cika masa ramukan ganga, ya kasa sake ɗurawa. Sau da yawa a nan masu ba da labarin ke tsayawa, su ce ka gani, libarba ce ta ci amanarsu. Ni dai ba na yarda a tsaya a nan. Mutum biyun da suka mutu fistol suke ɗauke da ita. Wanda kuma ya kawo ƙarshen faɗan, Edmundo Mireles, hannunsa guda ya ragargaje, ya miƙe da ƙyar ya tunkari motar da 'yan fashin suka shiga, da libarba ya gama da su. Amma darasin da hukumomi suka ɗauka shi ne a ƙara yawan harsashi, a ƙara masa ƙarfi.

Lokacin kuma ya zo daidai da kasuwa. A 1985 sojan Amurka suka ɗauki fistol ƙirar Beretta. Wani ɗan ƙasar Ostiriya, Gaston Glock, ya fito da fistol mai jikin roba mai tauri, mara nauyi, mai cin harsashi 17. Ga rikicin hodar iblis ya cika birane, 'yan sanda suna kukan an fi su makami. Kamfanin Glock ya iya ciniki: ya karya farashi, yana karɓar tsofaffin libarbobin runduna a matsayin wani ɓangare na kuɗi. Shugaban 'yan sandan da aka ce masa ga 17 a madadin 6, kuma da ɗan ciko kaɗan, me zai ce wa yaransa in ya ƙi? Cikin shekara goma sha wani abu aka juye kusan ƙasar baki ɗaya.

New York ta yi jinkiri, sai 1993 ta koma fistol ga sabbin ɗauka. Tsofaffin da suka shiga aiki da libarba aka bar su da abinsu, suna raguwa da ritaya shekara bayan shekara, har aka sa musu wa'adi: ƙarshen watan Agusta na 2018 kowa ya ajiye ta. Wani abu da ya kamata ka lura da shi, ko da suka koma fistol sai suka sa aka taurara kunamarta, sai an ja da nauyin da ya haura kilo biyar kafin ta tashi, don ta yi kama da jan libarba. Sun ga hannun da ya saba da doguwar kunama mai tauri yana sakin harbi ba da niyya ba in aka ba shi mai laushi.

To ga amsarka game da Amurka. Hukumomin tsaro na 'yan sanda a can sun kai wajen 18,000, daga manyan birane har ƙauyen da ɗan sanda bai wuce uku ba. Babbar runduna ba ta ƙara ba sabon kurtu libarba a matsayin bindigar aiki. Inda take saura shi ne ƙananan wuraren da mutum ke sayen tasa daga jerin da aka yarda da shi, sai wasu gandirobobi da masu gadin kamfanoni, sai kuma 'yar ƙarama mai harsashi biyar da wasu ke ɗaurewa a idon sawu ko su sa a aljihu, ta ko-ta-kwana.

Amma duniya ba Amurka ba ce. In ka je Japan yau, ɗan sandan da ke tsaye a ɗan ofishin unguwa, wanda suke kira koban, libarba ce mai harsashi biyar a ƙugunsa, ɗaure da igiya don kada a fizge. Tun 1960 suke da tasu ta gida, New Nambu M60, daga baya suka ƙara da ƙirar Smith & Wesson da suke kira Sakura. Ƙasar da ke ƙera Toyota ba kuɗin fistol ta rasa ba. A wasu shekarun, mutanen da aka kashe da bindiga a duk faɗin Japan ba su kai goma ba, saboda haka biyar ta ishe su, akasarinsu ma har su yi ritaya ba su harbi kowa ba. A Koriya ta Kudu ma libarba .38 ce a hannun 'yan sintiri, kuma harsashin farko na ƙara ne kawai, na gargaɗi. Hong Kong ta riƙe Model 10 har zuwa 2024 kafin ta fara sauya ta da fistol ƙirar Sin. A Faransa kuwa, zaratan jandarmomin GIGN, waɗanda a Marseille suka kutsa jirgin Air France da aka yi garkuwa da shi a Disamban 1994, sun yi suna da libarbar Manurhin MR73, don kyan saitinta da ƙarkonta.

Abin da na fi so ka riƙe, ɗana, yana cikin wani dare a unguwar Bronx ta New York, 4 ga Fabrairu 1999. Wani saurayi ɗan ƙasar Gini, Amadou Diallo, ɗan shekara 23, ɗan tireda a bakin titi, yana tsaye a ƙofar gidan da yake haya. 'Yan sanda huɗu cikin farin kaya suka tunkare shi, ya sa hannu ya ciro walat ɗinsa. Suka harba harsashi 41, guda 19 suka same shi. Biyu daga cikinsu kowanne 16 ya saki, wato har bindigar ta ƙare. Ba shi da makami, kuma kotu ta sallame su. Da libarba ce a hannunsu, su huɗun gaba ɗaya 24 suke da shi. Ba na cewa da ya rayu. Rai na Allah ne, kuma harsashi ɗaya ma ajali ne. Amma wannan tsayawar dole bayan na shida, wadda ta ci ran Pence da Gadell, ita ce kuma daƙiƙar da mutum ke ɗago kai ya ga abin da ke hannun wanda yake harbi. Da aka cire ta daga jikin bindiga, sai ya zama dole a dasa ta a zuciyar mai riƙe bindigar, kuma wannan ya fi sayen sabon makami tsada da wuya. Ban ga laifin Amurka da ta bar libarba ba, ƙasar da bindiga ta cika gidaje. Laifinsu da na gani shi ne garajen da wasu rundunoni suka yi, suka raba fistol kafin su gama koyar da ita.

Mu kuma a nan maganar ta fi nauyi. Sunan aikinmu ma daga sanda ya samo asali, ɗan sanda, mai sanda. Yau a shingen hanya daga Kano zuwa Maiduguri abin da ke rataye a kafaɗar yaro AK-47 ce, magazin ɗinta 30, harsashinta yana huda ƙofar mota ya wuce ya sami wanda ke sayar da rake a tsallaken titi. Ba na cewa a ƙwace ta a ba ku libarba; wanda zai shiga dajin Zamfara da harsashi shida an aika shi lahira ne. Amma na taɓa aiki a wani bariki inda na tarar da kofur da ya shekara bakwai yana ɗaukar bindiga kullum, rabonsa da ya harba ko ɗaya a filin koyo tun yana kurtu. Da na sa shi ya kwance ta, ƙurar hunturu da tsohon mai sun daskare a ciki kamar ƙanzo. Na zauna da shi a kan benci muka wanke ta da tsumma da buroshi, ina jin tausayinsa, don ba shi ya hana kansa harsashin koyo ba. Irin wannan ne in tsautsayi ya faɗa sai ka ji an ce wai bindiga ce ta tashi da kanta, alhali yatsa ne a kan kunama.

Saboda haka ga aikin da na ba ka. Ka je wurin malaminku na harbi, cikin ladabi, ka tambaye shi harsashi nawa kowannenku zai harba da hannunsa kafin a yaye ku, kuma bayan an tura ku aiki, sai bayan wata nawa za a dawo da ku fili. Za a sake gayyata ta shirin a wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Ka bugo da wuri wannan karon, ka faɗa min adadin da ya gaya maka.

Ka gai da abokan karatunka. Allah ya tsare ku, ya tsare jama'a ta hannunku.

Babanka,
tsohon sufeto, mai koyar da harbi