Rahoton Ayyukan Shekara na Ƙungiyarmu ta Tsofaffin Ma'aikata Masu Aikin Sa-kai

Assalamu alaikum, iyayena, yayyena da abokan aiki.

Tarukan wata-wata duk an yi su, sai na watan azumi da aka ɗage. Ta'aziyya da dubiya ma ba mu fasa ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya.

Abin da ya fi faranta mini rai bana shi ne bitar da muka yi kan haƙƙin mallakar rubutu, kuma kun san mafarinta. Takardun lissafin da ɗaya daga cikin dattawanmu ya rubuta da hannunsa don yaran darasin yamma, kyauta, sai ga su an buga ana sayarwa a wata makaranta, ko sunansa babu. Ransa ya ɓaci har ya ce ya daina zuwa. Da kyar muka lallashe shi.

Ranar bitar ɗaki ya cika, har sai da muka aro kujeru a maƙwabta. Lauyan da ya zo ɗan wata Hajiyarmu ne, bai karɓi ko sisi ba, kuma da Hausa ya yi bayani tiryan-tiryan. Ya ɗora mu kan Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Da zarar ka rubuta abu na ƙashin kanka, haƙƙinsa naka ne, ba sai ka yi rajista ba, ko da yake Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana yin rajistar, ta zama maka hujja ranar rigima. Haƙƙin yana nan tsawon ranka, da shekara 70 bayan rasuwarka, wato gado ne ga 'ya'ya da jikoki. Nan tsofaffin malamanmu suka gyara zama.

Sai wani tsohon darakta ya tambayi matsayin rahotanni da littattafan horaswa da ya rubuta yana ofis. Amsar ba ta yi wa wasu daɗi ba: abin da ka rubuta a bakin aikin gwamnati na gwamnati ne, sai in akwai wata yarjejeniya. Wanda ka rubuta bayan ka ajiye aiki, a lokacinka, naka ne, kuma yin aiki don Allah ba ya nufin ka sallama shi. Sallamawa sai a rubuce. Ya kuma ja mana kunne cewa rantsuwar riƙe sirri ba ta ƙarewa da ritaya, kada kowa ya kwaso fayil ɗin ofis ya zuba a littafi. Ilimin da ke kanka kuwa, na noma ne ko na jinya ko na akanta, babu mai hana ka koyar da shi da kalmominka. Har aka kira la'asar ana tambayoyi. Dattijon namu da kansa ya rufe taro da addu'a, washegari ya koma wa ɗalibansa.

Littafin darussan membobi bai fito ba. Na ji ana cewa kwamiti ya yi barci, kuma wannan magana ta yi mini ciwo. Rubutun yana nan a kwamfuta, an tace shi sau biyu. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta, da kuɗi. Mai ɗab'i kuma ya sauya farashi saboda tsadar takarda. Da me za mu biya? Takardar yarjejeniyar da za mu riƙa bai wa makarantu da asibitocin da muke taimakawa, wadda za ta fayyace wa ke da rubutu da sharaɗin a sa sunan marubuci, ita ma ta tsaya, domin waɗanda aka ɗora wa dubawa ba su zauna ba.

Kuɗin wata shi ne ciwon. Na san halin fansho, nima layin tantancewa ɗaya muke bi da ku, kuma wanda bai samu haƙƙinsa ba ban taɓa matsa masa ba. Amma akwai waɗanda nake kira ba sa ɗauka, in an haɗu a ɗaurin aure su ce gobe. A WhatsApp su ne kan gaba wajen gyara, ranar aiki ba a ganin ƙeyarsu. Mutane ƙalilan ne suka ɗauki nauyin ruwa da abincin bitar daga aljihunsu, kuma ba zan sake roƙonsu ba.

A taro mai zuwa kowa ya zo da bashin da ke kansa, ko ya faɗa mini uzurinsa a keɓe. Masu rubutu a littafin su zo su sa hannu kan izinin bugawa, don ba za mu kai shafin kowa maɗaba'a ba sai da sa hannunsa.

Wassalam,
Sakatare