Laifin me Boogie Fland da Xaivian Lee suka yi don sun koma Florida?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da aiki, da fatan ku da ma'aikatanku kuna cikin ƙoshin lafiya.

Na karanta sharhin da ya fito a shafinku na wasanni kan ƙungiyar ƙwallon kwando ta Jami'ar Florida da ke Amurka, wadda ta ɗauko Xaivian Lee daga Princeton a watan Afrilun 2025, ta kuma ƙara da Boogie Fland daga Arkansas a watan Mayu. Na ji daɗi ƙwarai da kuka ware wa wannan wasa fili, don mu masu bin sa a nan muna da yawa, kuma ba kasafai ake tunawa da mu ba. Sai dai ban yarda da hukuncin da marubucin ya yanke ba. Ya nuna cewa yaran nan ba su da amana, kuɗi ne kawai ke jan su, kuma Florida so take ta sayi kofi kamar yadda attajiran ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa na Turai suke yi. Ina roƙon ku ba ni dama in kare su, don a ganina an yi musu rashin adalci.

Abin da ya sa Florida ta shiga neman masu tsara wasa a fili yake. Mutum uku da suka riƙe mata ƙwallo har ta ci kofin ƙasa ranar 7 ga Afrilun 2025, wato Walter Clayton Jr. da Alijah Martin da Will Richard, duk shekarunsu na wasa a jami'a sun ƙare. Na huɗunsu, Denzel Aberdeen, wanda ake sa ran zai gaje su, ya tattara ya koma Kentucky. A lokacin dogayen ƙungiyar suna nan, amma ba wanda zai ɗauko ƙwallo daga baya ya kai musu. Koci Todd Golden ko dai ya nemo waɗanda suka goge a wani wuri, ko ya damƙa ƙungiyar da ke kare kofi a hannun yaran da jiya-jiya suka bar sakandare.

Yanzu mu zo kan maganar amana, don ita ce ta fi damuna. Marubucinku ya kawo sunan Fland a matsayin misalin yaro mara zama wuri ɗaya. To, a duba yadda aka yi. Fland ɗan New York ne, kuma tun yana sakandare ya yi wa Kentucky alkawari saboda koci John Calipari. A watan Afrilun 2024, bayan shekara 15 a Kentucky, Calipari ya ajiye aikin ya karɓi na Arkansas. Yaron bai ma sa rigar Kentucky ba, babban da ya zauna da iyayensa ya ba su tabbaci ya riga ya tashi. Fland ya bi shi Arkansas, ya fara kakar da kyau, sai ya ji rauni a babban yatsan hannu a watan Janairu, aka yi masa aiki, ya daɗe bai buga ba. Ya gwada sa'arsa wajen shiga NBA, babbar gasar ƙwararru ta Amurka, ya ga lokacinsa bai yi ba, ya janye sunansa ya nemi inda zai sake nuna kansa. Ban ji wanda ya kira Calipari maci amana ba. An ce ya samu tayin da ya fi masa.

Kuma ba Fland kaɗai ba ne. A ɗauki mutum biyar da suka fara wa Florida wasan ƙarshe da Houston. Huɗu daga cikinsu daga wasu jami'o'i suka zo, kuma uku cikin huɗun kocinsu ne ya fara tafiya ya bar su. Clayton yana Iona, wata ƙaramar jami'a a New Rochelle, ƙarƙashin Rick Pitino. A watan Maris na 2023 Jami'ar Connecticut (UConn) ta fitar da su daga gasar ƙasa, kwana kaɗan bayan haka Pitino ya koma St. John's. Alijah Martin ya kai Florida Atlantic zagayen kusa da na ƙarshe a 2023, abin da jami'ar ba ta taɓa yi ba, sai a 2024 kocinsa Dusty May ya tafi Michigan. Ɗan ƙasarmu Rueben Chinyelu, wanda ya fito daga makarantar horar da 'yan wasa ta NBA da ke Senegal, shekara ɗaya ya yi a Washington State, sai kocinsa Kyle Smith ya koma Stanford, a daidai lokacin da rukunin gasar da jami'ar take ciki yake wargajewa. Shi kansa Golden haka ya bar San Francisco a watan Maris na 2022, ana fitar da ƙungiyarsa daga gasar ƙasa ya kama hanyar Florida. Yaro ɗan shekara 19 ko 20 da ya zo wuri saboda mutum ɗaya, mutumin ya tafi, sabon koci ya zo da nasa tsarin da nasa mutanen, wace amana ake so ya riƙe, kuma ga wa?

Matasan da ke karanta jaridarku wataƙila ba su riski tsohuwar doka ba, shi ya sa ya kamata a tuna musu. Kafin Afrilun 2021, ɗan wasan ƙwallon kwando da ya bar wata babbar jami'a ya koma wata sai ya zauna shekara guda bai buga ba, sai dai in an yi masa sassauci na musamman. Davion Mitchell ya bar Auburn ya koma Baylor, ya yi kakar 2018 zuwa 2019 a kan benci cikin kayan gida, lafiyarsa ƙalau. A 2021 shi ne ginshiƙin tsaron da ya ciyo wa Baylor kofi. A wancan zamanin koci yana iya barin aiki yau, gobe ya tsaya gefen fili a wata jami'ar yana karɓar albashin miliyoyin daloli. Ɗan wasa kuwa ko sisi bai halatta ya karɓa don an yi talla da sunansa ko hotonsa ba, sai daga 1 ga Yulin 2021. Hukumar NCAA, mai kula da wasannin jami'o'in Amurka, ba don tausayi ta sauya ba. Kotuna ne suka matsa mata. A Disambar 2023 wani alƙalin tarayya a West Virginia ya dakatar da dokar da ke hana wanda ya sauya sheƙa karo na biyu bugawa nan take, hukumar ta soke ta a Afrilun 2024. Sannan ranar 6 ga Yunin 2025 mai shari'a Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya tilasta biyan tsofaffin 'yan wasa diyyar kusan dala biliyan 2.8, ya kuma ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Wanda ya yi shekaru yana noma gonar wani ba a biyansa, ranar da aka fara auna masa rabonsa bai kamata a ce ya cika kwaɗayi ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai waɗanda kocinsu bai je ko'ina ba amma suka tafi. Will Richard haka ya bar Belmont a 2022. Xaivian Lee ma haka. Amma a dubi inda Lee ya fito. Princeton tana cikin rukunin Ivy, jami'o'in da ba sa ba da tallafin karatu don wasa, kuma sun ce ba za su shiga tsarin raba kuɗin nan ba. Lee ɗan Toronto ne a Kanada, ya yi musu shekara uku, a ta ƙarshe yana cin maki kusan 17 a kowane wasa. Shekara ɗaya ta rage masa. In yana so masu zaɓen 'yan wasa na NBA su yarda da shi, dole su gan shi yana karawa da Auburn da Tennessee da Alabama mako bayan mako. Ga shi kuma Thomas Haugh na Florida abokin wasansa ne tun a makarantar Perkiomen da ke Pennsylvania. Barin takardar digirin Princeton ba ƙaramin abu ba ne, kuma da ɗana ne da na zauna da shi mun daɗe muna shawara. Amma shawara ce ta rayuwarsa, shi zai ɗauki ribarta ko asararta.

Batun sayen kofi kuwa, wanda ya bi Florida a shekara biyun nan ya san ba haka abin yake ba. Clayton bai zo da kofi a jaka ba. A sakandare an fi saninsa da ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka, manyan jami'o'i a can suke nemansa, a ƙwallon kwando kuwa ƙanana ne suka kula shi. Da ya zama gwarzon rukuninsu a 2023 kuma Pitino ya tafi, yana iya bin sa St. John's. Ya zaɓi Florida, jiharsu, kusa da danginsa a Lake Wales, a lokacin yana jiran haihuwar 'yarsa. Shekararsa ta farko ta ƙare da baƙin ciki: ya ci maki 33, duk da haka Colorado ta fitar da su tun wasansu na farko da ci 102 da 100. Sai a shekara ta biyu, da aka damƙa masa tsara wasan gaba ɗaya, abin ya nuna. Ya ci 30 a kan Texas Tech a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe, ya ci 34 a kan Auburn a zagayen kusa da na ƙarshe, abin da tun Larry Bird a 1979 ba a sake ganin wanda ya yi a waɗannan zagaye biyu a jere ba.

Wasan ƙarshe a San Antonio shi ya fi nuna abin da nake nufi. An fara shi wajen ƙarfe biyun dare agogon Najeriya, kuma ni Houston nake goya wa baya saboda ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, wanda ya kai ta wasan ƙarshe a 1983 da 1984 ba su dace ba. Houston ta ɗaure Clayton tam, har aka tafi hutun rabin lokaci bai ci ko maki ɗaya ba. Richard ne, wanda ya yi shekara uku a ƙungiyar, ya riƙe su da jifa daga nesa. Bayan an dawo Houston ta ba su ratar maki 12, suka yi ta cikewa a hankali har suka wuce. Saura daƙiƙoƙi, Houston na baya da maki biyu, Emanuel Sharp ya tashi zai jefa ta maki uku. Clayton, wanda maki 11 kawai ya ci a daren, ya taso masa da gudu hannu a sama. Sharp ya fasa jifan, ya saki ƙwallon, doka kuma ta hana shi sake taɓa ta. Alex Condon ya faɗa kanta, lokaci ya cika, 65 da 63. Irin wannan fahimtar juna a tsaro sai mutanen da suka daɗe suna atisaye tare. Shi ya sa ni ba na ɗaukar cewa zuwan Lee da Fland ya tabbatar wa Florida komai. Dukansu biyu sun saba ƙwallo tana hannunsu, da suka zo a 2025 dole ɗaya ya koyi motsi ba tare da ita ba, kuma watanni kaɗan suka samu kafin kakar ta fara, ba shekara biyu irin ta Clayton ba.

Akwai illoli na gaske a wannan sabon tsari, kuma su na so marubucinku ya tsaya a kansu. Ƙananan jami'o'i suna raino, manya suna ɗauka. Bayan tafiyar Pitino kusan duk 'yan wasan Iona sun watse, har da ɗan Najeriya Nelly Junior Joseph da ya koma New Mexico. Sannan ga karatu. Ba kowane darasi da ɗalibi ya ci a wata jami'a ake karɓa a wata ba. A 2023 Caleb Love ya bar North Carolina ya yi wa Michigan alkawari, maganar ta rushe a kan batun karɓar darussansa, sai Arizona ya nufa. Shi fitacce ne, ya samu mafita nan da nan. Yaron da ba a san sunansa ba yana iya sa kansa a rajistar masu neman sauya sheƙa, tsohuwar jami'arsa ta ba wani gurbinsa, sabuwa kuma ba ta kira ba.

A nan ne abin ya shafe mu kai tsaye. Yaranmu da ke atisaye a filayen Zariya da Kano da Kaduna, da yawansu burinsu gurbin karatu ne a Amurka. Sun san labarin Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya fara da ƙaramar kwalejin Bismarck a North Dakota kafin ya koma wata a Montana, daga baya ya jagoranci Toronto Raptors ta ci kofin NBA a 2019. Suna jin ana kiran miliyoyin daloli a labaran sauya sheƙa, suna zaton kowa haka yake samu. Ɗalibin da ya shiga Amurka da bizar karatu, dokar bizar ta taƙaita masa yin aikin kuɗi, don haka kwangilar talla da ɗan ƙasa zai sa wa hannu cikin sauƙi, shi tana iya jefa zamansa cikin haɗari. Kuma bizar tasa a ɗaure take da makarantar da ta ɗauke shi. Ɗan New York in ya rasa gurbi gida zai koma ya jira. Namu in ya rasa, zamansa a ƙasar ne gaba ɗaya yake lilo. Iyaye da kociyoyinmu suna buƙatar su san wannan kafin wani dillali ya zo musu da daɗin baki.

Don haka roƙona gare ku, Malam Edita, shi ne ku ci gaba da kawo labaran wannan gasa, amma duk lokacin da za a rubuta cewa wane ya bar jami'a kaza, a faɗa mana ko kocinsa yana nan, da shekarun wasa nawa suka rage masa, da inda karatunsa ya tsaya. Ina kuma ba da shawarar ku tura wakilinku ya zauna da kociyoyin da ke horar da matasa a garuruwanmu, ya tambaye su labarin yaran da suka tura waje: nawa suka kammala digiri, nawa suka sauya makaranta, nawa suka dawo. Su suna da amsoshin, kuma iyaye da yawa za su so su karanta.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya