Maganar angona da "tafiyar" Alhaji

Assalamu alaikum. Ke 'yar fari, fatan kun tashi lafiya ke da maigidan naki da yaran. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan babanku, ya haskaka makwancinsa, mu kuma ya kyautata namu zuwan.

Kin san dai da ba takaba nake ba da tuni na hau danfo daga Agege na sauka Oshodi na canja mota zuwa Idi-Araba mun yi maganar nan baki da baki, ko gosulo zai cinye min yini guda. To wata huɗu da kwana goma ba wasa ba, yau kwana 23 kenan. Kuma ko da na zo ɗin ma na san halina dake, kunyar ɗan fari ba za ta barni in zaunar dake in yi ta zuba ba, shi yasa na ce bari in rubuta, ki karanta a nutse in yara sun yi barci. Kiyi haƙuri da tsawonsa, tun bayan sallar asuba nake ta dannawa da yatsa ɗaya.

Shekaranjiya da kika ba angona waya mu gaisa, bayan ya gama yi min ƙorafin ban aiko masa da biredi ba sai ya ce, Hajiya yaushe Alhaji zai dawo daga Kano, ki ce masa kar ya manta kilishina. Wlh sai da na dafe bango. Na ce masa to, na kashe wayar, na zauna bakin gado na daɗe ban motsa ba. Daga baya Auta yake faɗa min wai ku kuka ce masa kakansa tafiya yayi, har in kun zo wucewa ya ga tirela ko doguwar bas ta Arewa sai ya leƙa ko a ciki yake.

Ban ga laifinki ba, na san tausayi ne. Yaro ɗan shekara biyar, ga shaƙuwar dake tsakaninsu, ke kanki ba ki gama dawowa hayyacinki ba. Amma ni an yi min irin wannan tausayin, na san ɗanɗanonsa. Ban taɓa baki labarin nan ba. Ina shekara shida Inna ta rasu wajen haihuwa, aka kwashe ni aka kai gidan goggo har aka share makoki, da na dawo aka ce min ta hau jirgin ƙasa ta tafi Kano ganin gida. Gidanmu na lokacin ba shi da nisa da layin dogo, to duk sanda na ji kukan jirgi sai in ruga a guje ba ko takalmi in tsaya ina ƙirga taragu ina duban tagogi. Na fi shekara ina haka. Manya suna gani, wasu su juya kai suna share hawaye, babu wanda ya ce min komai. Ranar da na sani, a makarantar allo ne, faɗa ya haɗa ni da wata yarinya akan tawada ta ce min, ke da uwarki ta mutu. A bakin 'yar shekara bakwai na ji, cikin zagi. Kuma abun da ya fi min ciwo daga baya shine gane cewa kowa a gidan ya sani, har mai kawo mana ruwa, ni kaɗai ake kallo ina gudu bakin dogo. Goggo ta riƙe ni tsakani da Allah har ta aurar dani, amma na daɗe in ta ce min abu sai na je na tambayi wani.

Yanzu bari in kawo miki abun da ya sa na kasa haƙura. Kin tuna shirin 'yan tsanan nan na Amurka, Sesame Street, da kuke zama gaban talabijin ɗinmu mai ƙofar katako kuna jira NTA su buɗe tasha da yamma, in NEPA sun ga dama? Babanku yana kiransa layin riɗi, yana cewa ƙattin banza sun sa kayan dodo suna koya wa yara ABC. Ni kuwa da yake aikina koyarwa ne a firamare nakan zauna in kalla tare daku, har dabaru na ɗauka a ciki na ajin 'yan aji ɗaya. Shirin tun 1969 ake yinsa. Daren jiya barci ya ƙi zuwa, Auta ya ga ina ta juyi ya zo ya zauna, ina bashi labarin wayar angona sai ya ce Mama bari ki ga wani abu, ya buɗo min a YouTube.

Akwai wani dattijo mai kanti a shirin, Mista Hooper, mai tabarau. Mutumin dake fitowa a matsayinsa, Will Lee, ya mutu da gaske a watan Disamba 1982. Masu shirin suna iya cewa ya yi ritaya ya koma wani gari, ko su sa wani a madadinsa su yi shiru, yara ne fa masu kallon, wa zai tuhume su. Sai suka ƙi. Suka nemi shawarar masana halayyar yara, suka shirya fitowa guda akan mutuwar, aka nuna ranar 24 ga Nuwamba 1983, kuma da gangan suka zaɓi ranar don ranar hutun bikin godiyarsu ce, iyaye suna gida, yaro in ya gani yana da wanda zai juya ya tambaya.

Ƙaton tsuntsun nan ruwan ɗorawa, Big Bird, wanda tsayinsa ya haura ƙafa takwas amma a shirin ɗan shekara shida ne, shine ya zana hotunan manyan unguwar yana raba musu suna ta dariya, sai ya zo kan hoton mai kanti ya ce ina yake in bashi nasa. Kowa yayi tsit. Ɗaya daga cikin matan ta tuna masa ai mun faɗa maka ya mutu. Sai ya ce au haka ne, to zan ajiye masa in ya dawo in bashi. Kin ji fa. Kilishin angona kenan. An ma faɗa masa gaskiya amma a kansa mutuwa wata unguwa ce da ake zuwa a dawo, to ina ga wanda aka ce masa Kano aka tafi. Nan wata ta matso ta ce masa ba zai dawo ba, in mutum ya mutu baya dawowa. A fili, ba kwana-kwana. Hawayen da manyan suke yi a wajen ba na wasan kwaikwayo bane, abokin aikinsu ne na shekara 13, ana jin muryoyinsu na rawa. Ni da Auta muka yi ta kuka kamar ranar aka yi mana rasuwar, har na ji kunyar kaina, tsohuwa dani ina kuka akan tsuntsun soso.

Amma wajen da nake so ki riƙe shine abun da tsuntsun ya tambaya bayan nan. Bai tambayi ina ruhi yake zuwa ba. Cewa yayi to wa zai riƙa kula da kantin, wa zai riƙa haɗa min abun shana, wa zai bani labari. Shekara talatin da ɗoriya nayi ina koyar da ƙananan yara, wlh haka kansu yake aiki, yaro in ƙasa ta girgiza a ƙarƙashinsa abun da yake son sani shine wa ya rage min. Manyan kuma basu yi masa wa'azi ba, suka ce wane zai riƙe kanti ya haɗa maka abun shanka, mu kuma duk muna nan za mu baka labari. To angona zai tambaye ki wa zai kai shi idi, wa zai goya shi a wuya ya kai shi kallon shanu a abbatuwa ta Oko-Oba, wa zai riƙa ɓoye masa alawa a aljihun babbar riga. Ki tanadi amsa da suna. Babanka zai kai ka idi. Kawu Auta zai kai ka wajen shanu, na riga na ɗaure shi da wannan alƙawarin. Alawa kuma tawa ce.

Inda na ga sun gaza, da tsuntsun ya matsa da tambayar me yasa dole sai haka, amsar da aka iya bashi bata wuce haka nan abun yake ba. Ban zarge su ba, shiri ne na yaran kowane addini da marasa shi. Mu kuwa Alhamdulillahi muna da abun faɗa. Allah ne ya halicce mu, kowa da lokacin da ya ɗibar masa, na Alhaji ya cika ya koma wajensa, kuma in ka yi masa addu'a tana isa gare shi. Wannan na ƙarshen yana da amfani sosai don yana ba yaro aikin yi, hannunsa baya zama banza. Ki koya masa Allah ya jiƙan Alhaji bayan kowace sallah, ya ishe shi. Amma dan Allah kar ki bari wani mai zafin wa'azi ya zaunar dashi yana masa bayanin tambayar kabari da azaba, shekararsa biyar, lokacin wannan zai zo.

Sannan ki kula da irin Hausar tamu. Mu manya mun iya lulluɓe magana, ya riga mu gidan gaskiya, ya kwanta dama, rai yayi halinsa, mun rasa shi. Duk masu kyau ne a zauren gaisuwa, amma yaro a zahiri yake ɗauka. Kika ce ya kwanta, gobe zai ƙi barci ko ya hana ki yi. Kika ce mun rasa shi, zai ce to a je a nemo. Kika ce ciwo yayi aka kai shi asibiti kika tsaya nan, ranar da zazzaɓi ya kama ki zai zaci kema shikenan. Masu shirin can ma sun guji jingina abun ga tsufa da rashin lafiya saboda wannan tsoron. Ki ce ya rasu, wato ya mutu, jikinsa ya daina aiki, baya jin zafi baya jin yunwa, an yi masa sallah an binne shi nan Agege, ba zai dawo ba. Kuma zai sake tambaya gobe da jibi da wata mai zuwa kamar ba a taɓa faɗa masa ba, kar ki gaji kar ki canja amsa.

Na san abun da kike tsoro, kar ki fashe da kuka a gabansa. To ki yi mana. Manzon Allah (SAW) da ɗansa Ibrahim yake barin duniya hawaye ya zubar a gaban sahabbai, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abun da Ubangijinmu ya yarda dashi. Kuma kin san labarin ƙanin Anas bin Malik, Abu Umair, da ɗan tsuntsunsa da yake wasa dashi ya mutu, Annabi bai ce yaro ne me ya sani ba, kulawa yayi ya tambaye shi labarin tsuntsun. Sai kuma hadisin matar da ta kira ɗanta ta ce zo in baka, ya tambaye ta me za ki bashi ta ce dabino, ya ce da ba ki bashi komai ba da an rubuta miki ƙarya. Akan dabino fa. Ni wannan ne ya tsaya min a rai tun shekaranjiya, don nima da na ce masa "to" a waya na shiga cikin maganar, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Af, kafin in manta. Shirin 'yan tsanan nan na Najeriya da aka fara a NTA a 2011, Sesame Square, mai Zobi shuɗin nan sarkin son doya, wanda har na Hausa aka yi Dandalin Sesame, akwai 'yar tsana Kami a ciki. Asalinta daga shirin Afirka ta Kudu ne tun 2002, 'yar shekara biyar marainiya mai ɗauke da cutar HIV, mahaifiyarta ta rasu, tana da wani ɗan akwati da take ajiye kayan tunawa da ita. Lokacin na ɗan yi tsaki na ce wannan kuma al'adar wasu ce. Yanzu ga ni na ware hular Alhaji zanna bukar ɗin nan da angona yake yawan cire masa daga kai, da carbinsa na katako, da hoton da suka ɗauka tare ranar babbar sallah, na sa a gwangwanin biskit. Na yi wa yayyen babanku magana da masu rabon gado kar a ce na taɓa kayan magada, a lissafa a cikin kasona.

In kin ga ba za ki iya ke kaɗai ba, kar ki tilasta wa kanki. Ku zauna ke da babansa ku faɗa masa tare da rana, ba dab da barci ba, ku fara da cewa mun ce maka Alhaji ya tafi Kano, ba haka bane, mun ji tsoron kar ka yi baƙin ciki ne, ka yafe mana. Ba faɗuwar girma bane. In kuma hakan ma yayi nauyi to ku kawo min shi ranar Asabar da safe kafin hanya ta cushe, ku biyo ta gadar Pen Cinema, mu faɗa masa a ɗakin Alhajin ina riƙe dashi. Amma kar ya wuce satin nan, kin san Idi-Araba, yaran layinku duk sun ga zaman makoki, kuma yana zuwa islamiyya.

Ki gaida min maigidan naki da kishiyata 'yar ƙarama, ki ce ina jin labarin haƙoran da suka fito. In za ku zo ki taho min da man zafin nan na ƙafa, nawa ya ƙare. Zan aiki Auta Mile 12 gobe, zan sa ya biya ya sayo kilishin.

Mamanku.