Dutse mafi tsawo a Najeriya ba a Jos yake ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan kacici-kacicin shirinku na yara na makon jiya. An tambayi dutsen da ya fi tsawo a Najeriya, wata yarinya ta ce duwatsun Shere na Jos, aka tafa mata. Malam Edita, a gyara. Tsawon Shere mita 1,829 ne. Gaba da shi akwai Chappal Waddi, wanda ake kuma kira Gangirwal, mai mita 2,419, a Jihar Taraba, cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, daidai kan iyakarmu da Kamaru.

Ban ga laifin yarinyar ba. Mu nan Gwaram, in aka ce tudu da sanyi, Jos muka sani, don daga can direbobi ke kawo mana dankalin turawa.

Da ma dutsen nan ƙuri'a ce ta ba mu shi. Yankin yana hannun Jamus, bayan yaƙin duniya na farko ya koma ƙarƙashin Ingila. Sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama, mutanen yankin, wanda a lokacin ake kira Arewacin Kamaru, suka zaɓi Najeriya, aka sa wa wurin Lardin Sardauna. Da sun zaɓi ɗaya ɓangaren, da yau sai da fasfo za mu je.

Na hau shi da rani, kuma samarin da ke hawan Dala su ɗauki hoto kada su zaci abin ɗaya ne. Sai an nemi izinin hukumar gandun, wadda ofishinta ke Serti, an haɗa ka da ɗan jagora, sannan tafiyar ƙafa ce ta kwana da kwanaki. Da asuba ruwan alwala kan sa yatsu su ƙage, bargo ɗaya ba ya isa. Hazo yakan rufe hanya har ka daina ganin na gabanka, sai dai ka bi muryarsa. A ƙasa daji ne mai duhu da birai iri-iri, a sama kuwa ciyawa ce zalla da iska. Da damina, kada ma a fara: santsi da rafuka sun isa su mayar da mutum gida.

Ina roƙo ku faɗi gyaran a shiri na gaba, tunda ɗalibaina sun riga sun rubuta Shere a littattafansu. In da hali, ku gayyato ɗaya daga cikin masu gadin dajin ya yi wa yara bayani da bakinsa.

Naku,
Malamin firamare, Gwaram, Jihar Jigawa