Wasiƙa zuwa ga aminina a nesa

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, kuma na ga inda ka ce ƙaddara ta riga fata, to me zai sa mutum ya zauna yana karanta labaran da ke juya tarihi, wato masu ƙaga yadda duniya za ta kasance da abin da ya faru bai faru ba? Gaskiya ne abin da ya wuce ba ya dawowa. Amma marubutan nan ba da-na-sani suke yi ba. Zare ɗaya suke zarewa daga tarihi don a ga abin da ya riƙe.

Abin ma ya daɗe. Tun a 1836 wani Bafaranshe, Louis Geoffroy, ya rubuta labarin da Napoleon ya ci Rasha a 1812, daga nan ya mallaki duniya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sai aka raja'a a kan tambaya ɗaya: da Hitler ya yi nasara fa? An juya ta har ta gundure ni.

Wanda ya fi kama zuciyata shi ne littafin Pavane na Keith Roberts, na 1968. A cikinsa an kashe Sarauniya Elizabeth ta Farko a 1588, jiragen yaƙin Sifaniya suka ci Ingila, ikon Fafaroma ya dawo. Sai ga ƙarni na ashirin ya zo, coci ta danne wutar lantarki da injin fetur. Direba yana jan kaya a kan titi da injin tururi, yana zuba gawayi cikin sanyin dare. Saƙo kuwa daga hasumiya zuwa hasumiya yake tafiya, ma'aikaci yana juya manyan hannuwan katako, na gaba yana hangowa ya maimaita. Marubucin bai damu da sarakuna ba, talakan da aka haifa cikin wannan duniya ya bi, wanda bai san akwai wata ba. Nan ne nake ganin ƙwarewa, domin sauya wanda ya ci yaƙi kowa ma zai iya.

Abin da ke damuna shi ne yadda irin waɗannan littattafai ke ɓacewa. Idan ciniki ya ja baya, kamfani sai ya daina bugawa. Haƙƙin mallaka kuma a ƙasashe da yawa yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Idan kamfanin ya rushe, magada ba a san inda suke ba, babu mai ikon sake bugawa, babu kuma mai ikon sakawa a intanet bisa doka. Littafi yana raye a takardar lauya, a hannun masu karatu ya mutu.

Wasu dai kan tsira. Katharine Burdekin ta fitar da littafinta Swastika Night a 1937 da sunan namiji, Murray Constantine, tana hasashen duniya bayan ɗaruruwan shekaru na mulkin 'yan Nazi, tun yaƙin bai fara ba. Aka manta da shi, sai da wata manazarciya, Daphne Patai, ta gano marubuciyar, aka sake buga shi da sunanta a 1985. Ita kuwa ta rasu tun 1963.

Don haka ina roƙonka, idan ka ratsa ta wajen masu sayar da tsofaffin littattafai ka ga irin waɗannan, ko bangon ya yage, ka saya mini. Ka fara karantawa kafin ka aiko, sannan mu ci gaba da gardamar.

Ka gaida mini uwargida da yara.

Naka har kullum,
Amininka