Rahoton Shekara na Kwamitin Jinya da Ta'aziyya na Ikilisiyarmu, Gombe

'Yan'uwa cikin Almasihu, muna gaishe ku da sunan Ubangiji Yesu. Ga bayanin hidimar da kuka ɗora mana a shekarar da ta wuce.

Ziyarar majinyata ce ta fi cin lokacinmu, a gidaje da Asibitin Koyarwa na Tarayya da kuma Asibitin Ƙwararru. Mutum biyu ke zuwa, kuma ba a wuce minti 20. Taron mutum goma da waƙa yana faranta wa masu zuwa rai, amma wanda ke kwance shi ke kwana da gajiyar.

Babbar damuwarmu har yanzu ita ce kiranmu a makare. Iyalai da yawa na ganin kiran fasto kamar kiran mutuwa ne, sai a jira har baki ya rufe. Alhali a Yakubu 5:14 mara lafiyan ne da kansa zai kira dattawan ikilisiya, wato tun yana iya magana. A lokacin ne zai nemi gafarar wanda ya ɓata wa, ya faɗi bashin da ke kansa, ya bar wasiyya a rubuce gaban shaidu biyu, ya karɓi Jibin Ubangiji da hankalinsa. Mun kuma hana masu ziyara cewa “gobe za ka tashi” ga wanda likita ya riga ya gaya wa gaskiya. Muna roƙon warkarwa, amma ba ma yin alkawarin da Allah bai ba mu ba. Alkawarin da ke hannunmu yana Yohanna 11:25: mai ba da gaskiya ga Yesu, ko ya mutu zai rayu. Shi muke karantawa, da Zabura 23 da Romawa 8:38-39, a hankali, kusa da kunne.

A bitar da muka yi wa masu jinya mun nanata cewa a riƙa juya majinyaci duk bayan awa biyu saboda gyambon kwanciya. Idan ya daina haɗiya, kada a ɗura masa ruwa ko kunu, zai shaƙe. A jiƙa auduga a shafa masa a leɓe. Kunne kan daɗe yana ji bayan baki ya yi shiru, don haka maganar rabon gado da ta akwatin gawa a fita da ita waje. Idan ya yi barci cikin Ubangiji, a rufe idanu, a ɗaure haɓa da ƙyalle, a miƙe hannu da ƙafa kafin jiki ya sandare.

Jana'izar da aka kai gida Billiri ko Kaltungo ta hanyar Kumo, kuɗin mota da na mutuware, wato ɗakin ajiyar gawa, ne suka fi cinye asusunmu. Mutuware da kwana ake biya, kuma jiran ɗan da ke Legas ko Abuja shi ya fi tsawaita kwanakin. Shawararmu kada a wuce mako ɗaya. A auna akwati har da mariƙansa kafin a haƙa kabari, don babu daɗi mutane na tsaye ana ƙarin haƙa. Da damina a rufe ramin da tampol, in ba haka ba gefe ya zabtare cikin dare. Anko da yankan bijimi kuwa ba sa cikin abin da asusu ke biya, kuma ba za su shiga ba. Wanda ya yarda mamacinsa na wurin Ubangiji, me zai sa ya jinginar da gonar marayu don ciyar da baƙi? 1 Tasalonikawa 4:13 bai hana kuka ba, kukan marasa bege ya hana.

Inda muka gaza shi ne bayan an watse. Makon farko gida cike yake, wata uku bayan nan gwauruwa na zaune ita kaɗai. A bana za a ba kowace gwauruwa mata biyu daga zumuntar mata su riƙa leƙa ta duk wata har shekara ta zagayo, da dattijo ɗaya da zai bi takardar shaidar mutuwa daga likita zuwa Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, don sai da ita banki da ofishin fansho ke sauraron magada. Masu son shiga wannan hidima su ba sakatare suna bayan sujada ranar Lahadi.