Ina son sakin sababbin kajina amma kare da mage sun hana ni sukuni

Assalamu alaikum Malam, barka da aiki, ya iyali ya ƙoƙari. Ni mai sauraron shirinka ce tun tuni amma yau ne karon farko da nake rubuto maka, dan Allah kai haƙuri in na ja zancen da tsawo, abin ne ya dame ni.

Sati 3 kenan da na sayo kaji guda 6, mata 5 da zakara 1, wanda ya sayar min yace watansu 4 da haihuwa wato sun kusa fara ƙwai, dan naji ance kaza tana fara saka ƙwai ne wajen sati 18 zuwa 20. Tun da na kawo su suna cikin akurki ban taɓa sakinsu ba, saboda naji ka faɗa a wani shiri cewa sabuwar kaza a killace ta kamar wata guda a ga ko tana ɗauke da wata cuta, kuma a nan ne zata gane inda ɗakinta yake ta riƙa komawa da kanta in rana ta faɗi. Nayi musu rigakafin cutar kaji ta Newcastle, na duba ƙarƙashin fukafukansu babu ƙwarƙwata, suna ci suna sha lafiya lau. To yanzu lokacin sakin ya kusa, nima gaskiya na gaji da ganinsu a takure suna kai da kawo jikin ragar waya, so nake su fito tsakar gida su yi tono su ci ƙwari su yi wankan ƙasa kamar kowace kaza.

Matsalar ita ce akwai kare da mage a gidan, kuma duk sun riga kajin zuwa. Karen shekararsa 2, bai taɓa cizon kowa ba, yara ma hawa kansa suke yi yana kwance. Ranar farko da ya ga kajin haushi ya dinga yi har na ɗaure shi, bayan kwana 2 sai ya daina haushin, maigidana yace to kinga ya saba. Ni kuma hankalina bai kwanta ba wallahi, domin yanzu abin da yake yi shi ne ya je ya tsaya gaban akurkin ƙyam, ba motsi, kunnuwa a miƙe, baki a rufe, ido kur a kan kaza ɗaya, ko na kira sunansa sau uku baya waigowa. Wannan shirun ya fi ba ni tsoro a kan haushin, dan irin tsayuwar da yake yi kenan in ya hango ƙadangare kafin ya zabura.

Kuma abin da nake gudu sai da ya kusa faruwa. Shekaranjiya ina zuba musu ruwa na bar ƙofar a ɗan buɗe, wata 'yar ja a cikinsu mai shegen rawar kai ta sulale ta fito. Da farko karen kallonta kawai yake, tana tafiya a hankali bai motsa ba, sai da ɗana ya bi ta da gudu zai kama, ta buɗe fukafuki tana kururuwa, kafin kace me karen ya danne ta. Na daka masa tsawa ya sake ta, Allah ya taimake mu gashin jela kawai ya tuge mata, babu jini babu rauni, amma yini guda ta ƙi ci tana maƙale a lungu. Abin da na lura shi ne gudun da fiffikar ne suka tayar masa da hankali, ba ganin kazar ba. Maigida yace a zane shi sosai shikenan ba zai ƙara ba, ni kuma ina ganin duka ba zai cire masa son farautar ba, sai dai ya koyi yin abin a bayan idonmu. Ko ni ce ban gane ba Malam?

Abin da na fara yi tun jiya shi ne in saka masa igiya in zaunar da shi nesa da akurkin, in ya kau da kai daga kajin ya kalle ni sai in ba shi ɗan abin da yake so in shafa kansa, kamar minti 10 safe da yamma. Tambayata ita ce kwana nawa ya kamata in yi haka kafin in sake su yana wurin da igiya, kuma wace alama zan gani in san ya kai a cire igiyar? Ko kuwa akwai karen da har abada ba a barinsa da kaji ba tare da mutum a wurin ba, in haƙura kawai in raba musu lokaci, in kaji na waje shi yana ɗaure?

Ita magen bata cika damuna ba a kan manyan, zakaran ma ya taɓa kai mata sara ta cikin raga ta ja baya. Amma naji ana cewa ranar farko a sake kaji saura kamar awa ɗaya rana ta faɗi dan kada su yi nisa, su koma akurki da kansu, to kuma daidai wannan lokacin ne magen take fara sintirin farautarta. Ya zan yi da wannan, in kulle ta a ɗaki ne har su shige? Sannan ina da niyyar in bar ɗaya ta yi kwanci nan gaba, bayan kwana 21 'yan tsaki su fito, su kam na san mage ba zata ƙyale su ba, ga shaho ta sama, sai sun kai wane girma zan iya barinsu su bi uwarsu waje?

Abu na ƙarshe, na kama karen yana lasar kashin kajin da ya zubo ta ƙasan raga, naji ance akwai ƙwayar cutar salmonella mai kawo gudawa a ciki, kuma shi ne yake zuwa yana lasar hannun yara. In an sake su kashin zai watsu ko'ina a tsakar gidan, shara kullum ta isa ko akwai abin da zan ƙara?

Saura kwana 9 watan ya cika Malam, dan Allah in da hali a amsa min kafin nan. Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taka mai sauraro a kullum.